Askin Da Ban Gama Ba

Ku da kuke rubuto min cewa ni uba ne nagari, ku dakata da yabon nan tukuna. Abin da na yi ranar Talata shi zan faɗa muku yau, kuma na san in kun gama karantawa wasunku ba za su ƙara sa min albarka ba. Ni ma ban sa wa kaina ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai aski ne. Shagona ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya, benci ɗaya, madubi babba da ya tsage ta gefen hagu, sai fanka mai kukan tsohuwar akuya. Shekara ashirin da shida ke nan ina tsaye a bayan kawunan mutane. Ban yi karatu mai zurfi ba, a waya nake rubuta wannan tsakanin wani kai da wani kai, don haka ku yi haƙuri da ni.

'Yata ɗaya ce. Kanari muke ce mata, don tun tana rarrafe bakinta ba ya hutawa da 'yan waƙe-waƙe. Tana shekara bakwai ciwon kai ya sa ta gaba, ga amai da sassafe, ga tafiya kamar ana tura ta gefe. Da aka ɗauki hoton kanta, Likita ya zaunar da mu ni da Mamanta ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, sai an buɗe an cire. Ranar da za a shiga da ita, ma'aikaciyar jinya ta zo da reza. Na ce a'a, ba wanda zai taɓa kan nan sai ni. Na fito da kilifata daga jaka, na aske gashin 'yata tas, tana riƙe da gefen rigata tana tambayata ko zai sake fitowa.

Allah ya yi, aka cire ƙarin. Gashi ya fito ya rufe tabon da ke bayan kunnenta na dama, mai kama da ƙugiyar kamun kifi. Hannunta na hagu ya ɗan rage sauri, shi ke nan abin da ido ke gani. Amma Kanarin da na kai asibiti ba ita na dawo da ita gida ba. Wannan ba ta waƙa, ba ta dariya, ba ta ko faɗa. In ta fasa kofi, sai Mamanta ta ce sannu. In ta ƙi yin aikin makaranta, sai malaminsu ya ce a bar ta. Maƙwabta in sun gan ta sai su karkatar da kai, su rage murya: “Sannu, 'yar nan, ya jiki?” Shekara huɗu ana yi mata sannu. Shagona kuwa ko ƙofarsa ba ta bi, don da ta ji ƙarar kilifa sai ta toshe kunnuwa ta durƙusa.

Likita ne ya ce mu gwada kai ta koyon kiɗa. Ya ce ba alkawari yake yi mana ba, amma hannun zai samu motsi, kuma wataƙila zuciyar ma ta samu. Muka samo wata dattijuwa mai koyar da fiyano a wani ɗaki saman kantin magani, Malama kowa ke ce mata. Ranar farko, a gindin matakalar benen, Kanari ta ja min hannu. Yarinyar da sai ta wuni ba ta yi jimla biyu ba ta ɗago ta dube ni.

“Baba, kada ka hau.”

“To wa zai yi wa Malama bayanin jikinki?”

“Ba kowa. Kada ta sani. Ka yi min alkawari.”

Na yi mata. Na tsaya a ƙasa ina kallon kwalaben magani ta gilashi har awa ɗaya ta cika.

Sati na uku ta sauko tana murmushi, irin wanda na manta kamanninsa. Na ce me ya faru? Ta ce, “Malama ta yi min faɗa! Ta ce hannuna na hagu malalaci ne, kuma mai hannun ta fi shi lalaci.” Ni raina ya ɓaci, har na juya zan hau. Ita kuwa dariya take yi har da riƙe ciki. A lokacin ban gane ba. Sai daga baya na fahimci cewa a duk faɗin duniyar nan, ɗakin can ne kaɗai inda ba a yi mata kallon marar lafiya.

Bayan kamar shekara guda, wata rana ina tsakiyar aski sai na gan ta a bakin ƙofar shago da jakar makaranta. Na yi sauri zan kashe kilifa, ta ce, “Bar ta, Baba.” Ta karkata kai tana saurare, sannan ta kama muryar kilifar da hancinta, ta ja ta daidai. “Wannan sautin yana kan fiyanon Malama,” in ji ta. “Baƙin maɓalli ne, can wajen hagu.” Ta shigo ta zauna a benci. Na ƙarasa askin nan ban ga abin da nake yi ba saboda hawaye.

Yanzu shekararta ashirin. Shekara tara tana hawa benen nan duk Laraba da Asabar, kuma kafin satin nan ban taɓa taka matakalar ba.

To ga inda halina yake. Kowane mai aski da abin da yake ba kunnen mai zama a kujerarsa. Wani ƙwallo, wani siyasa. Ni labarin Kanari ne. Duk baƙon kan da ya zauna a gabana, kafin na kai ƙeya na fara: ciwon kan, Likita, rezar da na ƙi, tabon. In na faɗa sai na ji ƙirjina ya ɗan yi sauƙi, kamar na raba kayan da wani. Tsofaffin abokan cinikina sun haddace, har tela maƙwabcina kan leƙo ya ce, “An kai wajen kilifa, ko na dawo anjima?” Kanari ta sani. Ta taɓa ce min, “Shagonka naka ne, Baba, ka yi ta faɗa. Bene kuma nawa ne.”

Ranar Lahadi da hantsi Mamanta tana ninke wanki a kan gado, ta ce na rufe ƙofa.

“Baban Kanari, kai ba ka lura da komai ba?”

“Kamar me? Ciwon kai take yi?”

“Kai dai komai ciwon kai. Mayafi uku ta canja jiya kafin ta fita. Waya in ta yi ƙara sai ta shige ɗaki tana murmushi kamar wadda aka yi wa albishir. Akwai wani mai koyon jita a wajen Malama. Yana aiki a wani kamfanin gyaran lantarki. Yana so ya zo ya gaishe ka.”

Na ce, “Ya san zancen?”

“Bai sani ba. Ta ce ita za ta faɗa masa da bakinta, bayan Asabar. Ɗaliban Malama za su yi wasa a gaban iyaye, ita da shi za su yi kiɗa ɗaya tare. Ta ce tana so ya fara ganinta a kan fiyano a gaban mutane, sannan ya ji sauran.” Ta ajiye zanin da ke hannunta ta nuna ni da yatsa. “Kwana shida ne kacal. Ka ɗaure bakin nan naka, don Allah.”

“Haba, sai ka ce yaro?”

“Yaro ai ana ba shi alewa ya yi shiru. Kai me za a ba ka?”

Ranar Talata wajen ƙarfe sha ɗaya, shago ba kowa, wani saurayi ya yi sallama. Dogo, siriri, riga mai ruwan toka an goge ta har tana ɗaukar ido, takalmi ba ƙura. Ya gaishe ni har da rusunawa, irin gaisuwar da ta fi ƙarfin aski. Gashinsa ma bai isa aski ba.

“Yaya za a yi maka, samari?”

“Yadda ka ga ya dace, Baba.”

Na yafa masa ƙyalle, na ɗaure a wuya, na kunna kilifa. Kamar kullum bakina ya kama hanyarsa. Na ce masa wannan kilifar da yake gani ba ita ce ta farko ba, ta farkon tana gida a cikin akwati, don da ita na aske kan 'yata ranar da za a yi mata aiki. Ya ce, “Allah sarki,” kamar yadda kowa ke cewa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce muku tsautsayi ne. Amma na yi wa kaina alkawari ba zan yi muku ƙarya ba.

Wayarsa ta yi ƙara a ƙarƙashin ƙyalle. Kiɗan fiyano ne. Na san kiɗan nan kamar yadda na san tafin hannuna, don wata biyu ke nan ina jin sa ta bangon ɗakinmu daga ɗan ƙaramin fiyanon lantarkin da take gwaji da shi. Har wurin da hannun hagu ke ɗan makara, kamar mai tafiya ya yi tuntuɓe ya gyara, yana ciki. Ba daga rediyo ya ɗauko ba. Ita ce ta kaɗa, shi ya naɗa. Ya zaro hannu da sauri ya kashe, na ga kan yatsunsa na hagu duk kanta, irin ta mai danna igiyar jita.

Na gane shi. Ya zo ne ya ga irin mutumin da zai je gaisarwa, ya ɗan saba da fuskata kafin ranar.

Kilifa tana kuka a hannuna, muka haɗa ido ta madubi. A zuciyata muryar Mamanta ta ce min ka yi shiru. Wata muryar kuma ta ce, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mai gudu ne, gara ya gudu yau, kafin ta ba shi zuciyarta gaba ɗaya. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar da ke ƙarƙashin wannan kuwa ita ce, na dubi yaron nan mai tsabta, wanda bai taɓa kwana a bencin asibiti ba, na ji haushin a ce zai ɗauke min ita a sauƙaƙe, bai san abin da muka sha ba.

Sai na ci gaba, kamar ban san kowa ba ne.

Na faɗi tabon da inda yake. Na faɗi shekara huɗun da ta yi ba ta magana. Na zaro wayata na nuna masa hoton da ban taɓa nuna wa wani abokin ciniki ba: tana kwance, kai a naɗe da bandeji, fuska a kumbure. Na ƙara da abin da ko tela bai taɓa ji ba, cewa har yau duk shekara sai an ɗauki hoton kanta, don ba wanda ya ba mu tabbacin ƙarin ba zai dawo ba. Har maganar da Likita ya yi mana a keɓe, cewa magungunan da ta sha suna iya taɓa haihuwa, ita ma na zazzage.

“Yanzu ma fiyano take koya,” na ce, “a saman kantin maganin can.”

Gefen kansa na dama na aske, na hagu ban taɓa ba.

“Baba,” ya ce a hankali, “ita ta ce ka faɗa?”

Na kashe kilifa. Ya kwance ƙyallen da kansa, ya ninke shi, ya ɗora a hannun kujera. Ya zaro hular aiki daga aljihun baya ya rufe rabin askin. Ya ce min na gode, ya fita.

Tela ya leƙo. “Yau kuma rabin kai ake yayi?”

Ban faɗa wa kowa ba. Na koma gida na ci abinci kamar mutumin kirki.

Ranar Laraba da yamma ina zaune a tsakar gida ina wanke mataji da burushi a roba, Kanari ta dawo daga wajen Malama tun lokacin tashi bai yi ba. Doguwar riga ruwan ganye ce a jikinta, jakar takardun kiɗa a rataye. Ba ta cire takalmi ba ta tsaya a kaina.

“Yau na yi kuskure sau tara,” ta ce. “Ukun ƙarshe da gangan na yi.”

Mamanta ta fito daga kicin da ludayi a hannu. “To sai me? Ta yi miki faɗa?”

“Ba ta yi ba, Mama. Ta kawo min ruwa a kofi. Ta sa min matashi a baya. Ta ce in na gaji na huta.” Ta dube ni. “Malama ta ce min sannu.”

Burushin ya suɓuce min cikin ruwa.

Ta zaro wayarta ta miƙo min. Ban so karɓa ba, amma ta ƙi janye hannu. Saƙonsa ne, guda uku a jere.

“Na ji komai. Na rasa wanda zan tambaya, sai na je wajen Malama. Ki yafe min.”

“Ba inda zan je. Ni zan kula da ke har ƙarshen rayuwata.”

“Zancen Asabar kada ki takura wa kanki. In kin ga zai yi miki nauyi mu fasa, lafiyarki ta fi min komai. Kin sha maganinki?”

Kun ga, bai gudu ba. Da farko har na ji wani sanyi, na buɗe baki zan ce ai ga shi ɗan halak ne.

“Asabar ɗin da ta wuce,” in ji Kanari, “mutumin nan ya ce min ina jan kiɗa kamar jaki ya ga gada. Muka yi musu har Malama ta kore mu waje. Yau yana tambayata ko na sha magani. Wane magani? Rabona da magani shekara nawa?” Ta karɓe wayar. “Da ma gudu ya yi, Baba. Da na yi kuka na share hawayena. Amma ka mayar min da shi irinka.”

“Kanari, ban san shi ba ne lokacin da na fara…”

“Da ka fara. To da ka ci gaba fa?”

Na sunkuyar da kai. Mamanta ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce, “Innalillahi. Baban Kanari, ka gane shi?”

“Na gane shi.”

Kanari ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. “Na bar maka gida. Na bar maka unguwa, da makaranta, da shagonka. Duk wanda ya taɓa zama a kujerarka ya san abin da ke ƙarƙashin gashina. Ɗaki ɗaya na roƙe ka.”

Ta shiga ɗakinta. Jim kaɗan na ji ta jawo wani abu. Da na wuce ta taga na ga ta lulluɓe ɗan fiyanon da zanin gado.

Mamanta ba ta yi min faɗa a ranar ba. Washegari tana zuba min shayi ta ce, “Shekara goma sha uku kana cewa tsoro kake ji kada ka rasa ta. Garin neman gira ka tsokane ido. Likita ya cire nasa ya gama, kai ne kullum kake sake buɗe wurin.”

Alhamis ta wuce ba a ji sautin komai ta bango ba. Ta fito ta yi shara, ta gaishe ni da ladabi, ta koma. Irin shirun nan na san shi, na zauna da shi shekara huɗu.

Jiya Juma'a da safe na rufe shago na tafi kantin magani. Na karya alkawarin da ya rage, na hau benen. Matakala goma sha bakwai ce, na ƙirga. Ɗakin bai kai yadda nake zato ba: fiyano baƙi da ya ci rabin wuri, kujeru na roba, labule mai furanni da rana ta cinye. Malama 'yar ƙaramar tsohuwa ce da tabarau a kan hanci, tana goge maɓallai da tsumma.

“Kai ne mai askin,” ta ce. “Shekara tara ina hango ƙeyarka ta taga.”

Na durƙusa. Na ce, “Malama, alfarma na zo nema. Ki yi wa 'yata faɗa.”

Ta cire tabarau ta dube ni. “Kana tsammani ban ga hannun nan ba? Tun ranar farko na san wani abu ya taɓa samunta. Ban tambaya ba, don ba ta ba ni ba. Na ce in tana so ta zama ɗaliba kawai, ɗaliba za ta zama.” Ta yi ajiyar zuciya. “Amma yaron nan ya zo min yana kuka, ya ba ni labarin hoton da ka nuna masa. Ranar Laraba na buɗe baki zan ce mata malalaciya, sai na ga bandeji a idon zuciyata. Harshena ya yi nauyi. Ni ma uwa ce.”

“To yanzu ya za a yi?”

“Magana zarar bunu ce, Malam, kai ka fi ni sani. In ta zo, zan yi iya ƙoƙarina na zage ta tas. Shi ma gogan na ja masa kunne, na ce in ya ƙara tambayarta magani zan fasa masa jitar a ka. Amma sai ta hawo. Ni ba na sauka na ɗauko ɗalibi.”

Da na dawo na tsaya a ƙofar ɗakin Kanari. Na ce mata na hau benen, na faɗi abin da na roƙa, na ce ban zo neman ta yafe min ba. Na goge hoton nan daga wayata a tsaye a wurin, na faɗa mata na goge. Ba ta buɗe ƙofar ba.

Yau Asabar. Ƙarfe huɗu za a fara wasan. Tun safe mutum biyar suka zauna a kujerata, biyu baƙi ne, kuma ban ba kowa labarin komai ba, har ɗaya ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Duk wanda ya yi sallama sai na ɗaga kai na ga ko mai hular aiki ne ya dawo a ƙarasa masa. Bai zo ba.

Ɗazu Mamanta ta turo min saƙo: “Shuɗiyar rigar da ta ɗinka don yau tana rataye a ƙofar ɗakinta, a goge. Ba ni na goge ba.” Na tambaye ta fiyanon fa? Ta ce har yanzu zanin gado yana kai.

Yanzu ƙarfe biyu da kwata. Zan rufe shago na je na tsaya a gindin matakala, inda ya kamata a ce na tsaya tun farko. Ban sani ba ko za ta zo, kuma in ta zo ta hau, ban sani ba ko ɗakin zai sake zama nata.